Hakkin Maigida Kan Kwanciyar Hankalin Ma'aikatansa

Nassin Karatu: Fitowa 18:13-26, 1 Sarakuna 19:1-8

Gabatarwa

Iyalai da yawa suna da masu aiki a ƙarƙashinsu: 'yar aiki, yaron shago, direba, maigadi, ko malaman makaranta. In zazzaɓi ya kama ma'aikaci, nan da nan akan gane. Amma ciwon damuwa yakan daɗe a ɓoye, har a riƙa kiran mai shi malalaci ko mai taurin kai.

Girman matsalar

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba suna jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara a duniya, abin da ya kai kimanin dala tiriliyan 1. Tun a 2019 hukumar ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Abubuwan da ke haddasa ta sun haɗa da aiki fiye da kima, rashin hutu, tsangwama, da zullumin kora.

Darasi daga Musa da Iliya

Yetro ya tarar da Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma. Ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya kuma ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin, da goma goma. Matsalar tana cikin tsarin aikin, don haka tsarin aka gyara.

Iliya kuwa ya gaji har ya roƙi mutuwa. Mala'ika ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, aka bar shi ya yi barci. Sai daga baya, a Dutsen Horeb, aka yi magana da shi a kan aikinsa. Maigidan da ya ce wa ma'aikaci “yi haƙuri” alhali bai rage masa kaya ba, bai bi wannan gurbi ba.

Abin da ya wajaba

Na fari, a biya albashi a kan kari, gama mai bin bashin wata uku ba ya barci da kyau. Na biyu, a tsai da lokacin tashi da ranar hutu, a kuma kiyaye su. Na uku, a yi gyara a keɓe. Tsawa a gaban jama'a takan bar tabo. Na huɗu, in mai fara'a ya koma shiru, ko kuskure ya yi masa yawa, a kira shi gefe a saurare shi, a kuma riƙe asirinsa.

In rashin barci da baƙin ciki sun wuce mako biyu, a taimake shi ya ga likita. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, Aro, Enugu da Kaduna. Addu'a da ziyarar fasto suna tafiya tare da magani.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta amince da damuwar da aiki ya jawo a wasu yanayi, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta hana nuna wa masu wannan lalura wariya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yaushe rabon mai aikin gidan nan da cikakkiyar ranar hutu?
2. Wane kaya ne za a iya raba masa, kamar yadda Yetro ya shawarci Musa?
3. In ya shiga damuwa, wa zai iya gaya wa ba tare da tsoron kora ba?