Maganaɗisu Ba Ya Jan Su, Juya Su Yake Yi

A simistar da ta wuce na zubar da maki biyar a gwajin fiziks kan tambaya ɗaya tak. Kafin ku faɗa ramin da na faɗa, bari in warware muku ita.

An tambaye mu yadda ake sarrafa tafiyar ƙwayoyi masu motsa kansu, irin su bakteriya, da ƙarfin maganaɗisu. Ni ko na rubuta cewa maganaɗisu jan su yake yi kamar ƙusa. Ashe ba haka ba ne.

A 1975 wani mai bincike a Amurka, Richard Blakemore, ya duba taɓo a madubin likita, ya ga wasu bakteriya na ninƙaya duk gefe guda. Da ya matso da maganaɗisu sai suka sauya hanya. A cikin kowace ƙwaya akwai jerin ƙananan duwatsun ƙarfe masu aiki kamar allurar kamfas. Idan ƙarfin maganaɗisun daidai yake a ko'ina, ba ya tura ƙwayar gaba ko baya, fuskarta kawai yake juyawa. Tafiyar da jelarta take yi. Shi ya sa matacciyar ƙwaya ma tana juyawa ta miƙe, amma ba ta gusawa. Wallahi da na san wannan hujjar, da makina na nan.

Da lantarki kuma abin ya sha bamban. A 2013 masu bincike a Faransa sun zuba ƙananan ƙwallayen roba cikin ruwa tsakanin gilasai biyu, suka sa wuta. Ƙwallayen suka fara mirginawa, kowanne inda ya ga dama. Wutar ta ba su ƙarfin tafiya, ba ta nuna musu hanya ba. Sai da aka ƙara yawansu suka cunkushe, sannan suka ɗauki hanya guda kamar garken tumaki.

To ina amfaninsa? A 2016 wata tawaga a Polytechnique Montréal ta Kanada, 'yan uwanmu 'yan foli ke nan, ta ɗora wa irin waɗancan bakteriya magani, ta juya su da maganaɗisu zuwa cikin ƙarin kansa a jikin ɓeraye.

Idan tambayar ta sake fitowa, fara da tantance abin da ƙarfin wajen ke bayarwa, alƙibla ko ƙarfin tafiya, kafin ka ɗora biro a takarda.