Fiɗiyayyen Doki: Da An Bar Shi, Da Ya Yi Uba Nagari?

Ya kai mai karatu, ka san a ƙasarmu ba a cika fiɗiye doki ba. Mu kan dandaƙe sa don ya ja garma, mu kan fiɗiye bunsuru ya zama taure don ya yi ƙiba, amma doki sai a bar shi yadda Allah ya halicce shi, sarki ya hau, talaka ya hau. A ƙasashen Turawa kuwa ba haka ba ne. Can yawancin dukusai maza a kan fiɗiye su tun suna ƙanana, kaɗan a kan ware don barbara. Dalilinsu shi ne fiɗiyayye ya fi sauƙin riƙo. Ba ya ta da hankali in ya ga goɗiya, ana kuwa iya ɗaure shi kusa da wani doki ba faɗa.

To, daga nan ne wata gardama ta kan tashi. Wani lokaci wanda aka fiɗiye ɗin shi ne ya kan girma ya tsere wa dukan tsararrakinsa. Sai mai shi ya ciji yatsa, ya ce da an bar shi da ya cika ƙasa da 'ya'ya irinsa. Shin haka ne? Kada ka ce wannan magana ba ta shafe ka ba. Ma'aunin da za a auna fiɗiyayyen nan, shi ne za ka auna ingarman da za ka kai wa goɗiyarka da shi. Goɗiya ta kan yi wata goma sha ɗaya da ciki, ɗa guda ta kan haifa. In ka yi kuskuren uba, ka yi hasarar shekara, da harawa, da dusa, kana kuma ɗaure da dukushin da ba ya sayuwa.

Bari mu ɗauki doki guda mu yi misali da shi. A Amurka, cikin 1975, aka haifi wani dukushi, aka sa masa suna John Henry. Ƙarami ne, gwiwoyinsa na gaba ba su miƙe sosai ba, ubansa kuwa ba wani sananne ba ne. Da ya shekara ɗaya aka sayar da shi dala 1,100, kuɗin da ba a bakin kome su ke ba wurin masu dawakin tsere. Ga shi da mugun hali, ya ciji mutum, ya tumɓuke bokitin abincinsa ya tattake. Da abin ya ishe su sai suka fiɗiye shi. Dokin nan ya shiga tsere sau 83, ya ci 39, ya kawo wa masu shi fiye da dala miliyan shida da rabi. Sau biyu aka zaɓe shi gwarzon dawakin Amurka, cikin 1981 da 1984, na biyun yana da shekara tara. Wane ne zai ji wannan bai ce an yi ɓarna ba?

Amma dakata tukuna. Abin da za ka fara yi shi ne ka cire abin da wuƙa ta ba shi, gama wannan ba ya bin jini. Dokin da aka fiɗiye ya kan huce, ya mai da hankali ga aikinsa. Ladabin nan da ka ke gani ba lalle ba ne nasa na asali, watakila da an bar shi da ba ya hawuwa ma, balle a san yana da gudu. Haka kuma yawan shekarun da ya yi yana tsere. Ingarman da ya yi suna, Turawa su kan janye shi yana da shekara uku ko huɗu, su kai shi barbara, don can kuɗi ya fi yawa. Fiɗiyayye ba shi da wurin zuwa, sai ya yi ta gudu har tsufa, yana tara nasara. Ka ga ashe fiɗiyar da a ke kuka da ita tana da hannu cikin sunan da ya yi.

Wuƙa ta kan taɓa siffa kuma. Wanda aka fiɗiye da wuri ya kan ɗan fi tsawo, domin ƙasusuwan ƙafarsa su kan jima suna girma, wuyansa kuma ba ya kauri kamar na ingarma. Saboda haka kada ka rena shi don siririn wuya, kada kuma ka yabe shi don tsawo.

Sa'an nan ka tambaya, don me aka fiɗiye shi? In al'ada ce kurum ta masu shi, ba laifi. In don cizo da harbi ne, to, ka riƙe wannan, gama hali yana da rabonsa cikin gado. In kuwa don ɗaya daga 'ya'yan marainansa ya maƙale a ciki bai sauko ba, wannan aibi ne da likitocin dabbobi su ke ganin yana bin iri, ba su son a yi barbara da mai shi.

Yanzu sai ka duba abin da wuƙa ba ta iya sakewa, watau ginin jikinsa. Ka tsai da shi a wuri mai daidai, ba kan yashi ba, ba sirdi, ba jalala. Ka tsaya gabansa ka dubi ƙafafun gaba, ko sun sauko a miƙe daga ƙirji har kofato, ko kuwa sun karkata ciki ko waje. Ka koma gefe ka dubi gwiwa, da gadon baya, da zurfin ƙirji. Ka koma baya, nesa kaɗan don kada ya harbe ka, ka dubi kuturi da ƙafafun baya. Ka sa yaro ya ja shi ya tafi ya komo, ka ga ko ƙafa tana bugun 'yar'uwarta. Ka buɗe bakinsa, in haƙoran sama sun zarce na ƙasa ba su haɗu ba, wannan aibi ne, ya kan bi 'ya'ya. Kofato kuwa ka dube shi da kyau, don doki mai raunin kofato kome kyansa rabin doki ne.

A nan mutane da yawa su kan ruɗe. Sai su ƙi doki don tabon sirdi a bayansa, ko don ya taɓa faɗuwa a rami yana ɗingishi. Waɗannan ba sa bin ɗa, kamar yadda mai shasshawa ba ya haifar ɗa da shasshawa. Abin da aka haife shi da shi, shi ne abin tsoro. Gwiwar John Henry haihuwa ce, ba rauni ba ne.

Abu na gaba ya fi waɗannan nauyi, shi ne dangi. Masana sun duba da madubi mai girmama abu, sun ga cikin ko wace ƙwayar halitta ta jikin doki akwai waɗansu 'yan zarurruka guda 64, su ne ke ɗauke da gado. 32 daga uba, 32 daga uwa. Sa'ad da doki zai haifi ɗa ba ya ba shi duka, rabi ya kan ba shi, rabin nan kuwa a cakuɗe ya ke, ko wane ɗa da irin rabon da ya faɗo masa. Shi ya sa uwa ɗaya uba ɗaya su kan fito dabam dabam. Akwai wani fiɗiyayye a Ostareliya, Phar Lap, wanda ya ci babban tseren birnin Melbon cikin 1930, ya ci tsere 37 cikin 51 da ya shiga. Uwarsa ta sake haihuwa da uban nan nasa ba sau ɗaya ba, amma ba a sami ko ɗaya da ya kama ƙafarsa ba.

Mu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, ɗan barewa ba ya rarrafe, amma karin maganar ba ta ce zai kai uwarsa gudu ba. Dokin da ya fita zakka cikin dangi marasa kirki, sa'ar haɗuwa ce ta same shi, 'ya'yansa kuwa sun fi yiwuwa su koma wajen matsakaicin dangin. Wanda uwarsa ta haifi nagari uku ko huɗu, 'yan'uwansa mata kuma suna haifar nagari, shi ne za ka fi sa rai da shi, ko da shi kansa bai yi fice ƙwarai ba. Ka lura na ce uwa. Mu nan mun fi tambayar uban doki, alhali kuwa rabin jinin na goɗiya ne, ita ce kuma ta shayar da shi, ya koyi hali a gindinta.

In ka haɗa waɗannan duka a kan John Henry, ni a ganina hukuncin ba zai yi wa masu cizon yatsa daɗi ba. Gwiwa da aibi, hali mugu, dangi ba su taka kara sun karya ba. Da an bar shi, ina tsammani da ba a ji sunansa ba sam.

Duk da haka wannan zato ne, gama akwai abin da ido ba ya gani. Wani doki a Amurka, Cigar, ya ci tsere 16 a jere tsakanin 1994 da 1996. Ba a fiɗiye shi ba. Cikin 1997 aka kai masa goɗiyoyi 34, ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba. Da an fiɗiye shi tun yana ƙarami, da har yau ana cewa an yi hasarar babban uba. Secretariat kuma, wanda cikin 1973 ya ci manyan tsere uku na Amurka, a na ƙarshen ya ba na biyu ratar tsawon doki 31, ya haifi 'ya'ya fiye da 600, ba wanda ya kai shi. Albarkarsa sai ta ɓullo ta wajen 'ya'yansa mata, su suka haifi manyan ingarmu irin su Storm Cat. Ga kuma Danzig, wanda sau uku kaɗai ya yi tsere gwiwa ta hana shi, amma ya zama uban da ya fi kowa a Amurka shekara uku a jere, daga 1991 zuwa 1993. Wannan ya saɓa wa abin da na gaya maka game da ƙafa, na kuwa kawo shi don ka san ma'aunin yana da iyaka. Uba dai ba a tabbatar da shi sai an ga 'ya'yansa ƙarƙashin sirdi, daga goɗiyoyi iri iri. Daga ranar barbara zuwa ranar nan a kan yi shekara uku ko huɗu. Saboda haka in an yaba maka ingarma, ka ce a nuna maka 'ya'yansa, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Fiɗiyayye ba shi da 'ya'yan da za a nuna. Amma a zamanin nan an sami wata hikima. Wani dokin Larabawa, Pieraz, fiɗiyayye ne, ya ci gasar duniya ta doguwar tafiya, kilomita 160 a yini guda, cikin 1994 da 1996. Aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikinsa, masana a Italiya suka sa zaren gadonsa cikin ƙwan goɗiya wanda aka cire wa nasa, suka dasa a cikin wata goɗiya. Cikin 2005 ta haifi dukushi namiji mai gado iri ɗaya da Pieraz, kamar ɗan tagwayensa, amma da mazakutarsa. Ba a yi shi don tsere ba, don barbara aka yi shi, cikin 2008 kuwa aka haifa masa 'ya. Aikin yana cin kuɗi mai yawa, masu rajistar dawakin tsere irin su John Henry kuma ba su karɓar dokin da aka samu ta wannan hanya. Waɗanda suka karɓa ɗin ma, sai da suka zauna jiran 'ya'yan su girma a hau su, kamar yadda kai ma za ka jira naka.