Yadda Ake Kyautata Aikin Masana'anta a Habasha bisa Tafarkin Kaizen

A shekarar 2009, bisa roƙon Firayim Minista Meles Zenawi, hukumar JICA ta Japan ta aike da ƙwararrunta zuwa Habasha domin su jarraba tafarkin kaizen, wato kyautata aiki kaɗan-kaɗan a kai a kai, a masana'antu talatin, kuma da gwamnati ta ga fa'idarsa, sai ta kafa masa cibiya a Adis Ababa a 2011, musamman da yake ba ya bukatar sabon inji ko kuɗin ƙasashen waje.

Da shara ake farawa. Ma'aikata da shugabanninsu su zaga masana'anta, su liƙa jar takarda a kan duk abin da ba a amfani da shi, a fitar da shi. Abin da ya saura kuwa a ba shi mazauni, a shata da fenti, har a zana siffar kowace sifana a jikin allo, ta yadda idan ta ɓace gurbinta zai tona asiri. Sa'an nan a goge injuna, domin mai gugar inji shi ne yake fara ganin inda mai ke yoyo.

Daga nan sai lissafi, wanda a ganina shi ne ruhin al'amarin. A masana'antar takalma, alal misali, kowace rana a rubuta adadin takalman da aka ƙi da illar kowanne, ko ɗinki ne ya karkace, ko gam bai kama ba, har a tara na makonni, inda galibi za a tarar illa biyu ko uku ne suka haddasa mafi yawan hasarar. Sai mutane ƙalilan daga cikin masu aikin su yi majalisa a kan babbar illar, suna tambayar "me ya sa" har sau biyar, suna duban mutum da inji da fata da hanyar aiki, ba domin a kama mai laifi ba, gama lebura in ya san za a yanke masa albashi, ɓoye aibin zai yi, lissafin kuwa ya zama ƙarya.

Idan sababin ya bayyana, a gwada gyara guda a layi guda, a sake ƙirga. In hasara ta ragu, a rubuta shi ƙa'ida a rataye a gaban mai ɗinki. In ba ta ragu ba, a koma majalisa. Bayan tafiyar ƙwararru, wajibin manaja ne ya riƙa sauka daga ofis yana duba allunan, yana sauraron shawarwarin ma'aikata, yana kuma amsa su a kan kari.