Cutar Ebola Da Hukuncin Wankan Gawa

 Darasin wannan mako ya shafi wata annoba wadda ake kira Ebola, da kuma abin da ya wajaba a kan Musulmi idan ɗan'uwansu ya rasu a sanadinta.

An fara gano wannan cuta a shekarar 1976 a garin Yambuku na ƙasar Zayar, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da kuma garin Nzara a kudancin Sudan. Sunan wani kogi da ke kusa da Yambuku aka laƙaba mata. Masana suna kyautata zaton cewa jemage ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, daga nan ta kama namun daji da mutane. Tsakanin mutum da mutum kuwa, tana yaɗuwa ne ta hanyar taɓa jinin majinyaci, ko amansa, ko gudawarsa, ko zufarsa, ko tufafin da suka ɓaci da su.

Alamunta suna bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 21 bayan kamuwa. Takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da kasala, sai amai da gudawa su biyo baya har ruwan jiki ya ƙare. Daga nan hanta da ƙoda sukan gaza, wasu kuma jini ya riƙa zuba musu. A ƙiyasi, kimanin rabin waɗanda ta kama sukan mutu. Wanda aka kai asibiti da wuri aka yi masa ƙarin ruwa ya fi samun damar tashi, kuma tun shekarar 2019 aka amince da allurar rigakafin nau'in Zayar.

Annoba mafi girma ita ce wadda ta auka wa ƙasashen Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016, inda mutum fiye da 28,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Abin lura a nan shi ne, gawar wanda Ebola ta kashe cike take da ƙwayoyin cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2014 cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na sababbin masu kamuwa wajen jana'iza suka ɗauko ta. Ashe ke nan mai wanka da mai suturcewa da mai ɗauka duk suna cikin haɗari, su da iyalansu.

To, wanke mamaci farilla ce ta kifaya, kuma haƙƙi ne nasa a kan rayayyu. Amma kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don ta tsare, kuma ƙa'ida ce sananniya wurin malaman fiƙihu cewa lalura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon buƙata. Saboda haka idan wanka ya gagara, sai a koma ga taimama. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan ta shawarci malaman addini, ta fitar da tsari a watan Nuwamba na 2014: ma'aikatan da aka horar, sanye da kayan kariya, su yi wa Musulmi taimama, su sa masa likkafani, dangi kuma su yi masa salla daga ɗan nesa ba tare da sun taɓa shi ba. Wanda aka binne haka ba a tauye masa darajarsa ba.

Wasu sukan ce guje wa gawa rashin tawakkali ne. Amsarsu tana cikin tarihin sahabbai. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, sai labari ya iske shi a Sarga cewa annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai Umar ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana mutanen cikinsa fita don gudunta.

An ga amfanin wannan koyarwa a Nijeriya. Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi ya shigo da cutar Ikko daga Laberiya. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita kanta ta kamu ta rasu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka tabbatar da ƙarshen annobar a ƙasar.

Wajibi ne limamai da masu wankan gawa su san wannan hukunci tun kafin buƙata ta taso, su kuma sanar da jami'an lafiya da zarar sun ga mutuwa mai irin waɗannan alamu. Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare bayinSa daga annoba, amin.