Darasin Python: Yadda Za Ka Gane Ko Rana Ta Faɗa Cikin Wa'adi

Hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe rajistar masu zaɓe ranar 28 ga Yuni, 2021, ta rufe ranar 31 ga Yuli, 2022. A ce kai ne ka rubuta manhajar da ke tantance masu rajista a ƙaramar hukumar Tofa ta jihar Kano. Wani matashi ya taso daga gona, ya iso da ƙarfe uku na yamma a ranar ƙarshe. Manhajarka za ta karɓe shi?

Ba sai da kwamfuta ba. Sauke Pydroid 3 a wayarka ta Android, ka rubuta wannan:

from datetime import date
farko = date(2021, 6, 28)
karshe = date(2022, 7, 31)
rana = date(2022, 7, 31)
print(farko <= rana <= karshe)

Za ka ga True, wato ranar tana ciki. Alamar <= tana nufin "ƙasa da ko daidai da". Da < kaɗai ka saka, da ranar farko da ta ƙarshe sun fita daga lissafi.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne idan sa'a ta shigo. In ka rubuta datetime(2022, 7, 31) ba ka saka lokaci ba, Python zai ɗauka ƙarfe 12 na dare ne, farkon ranar. Ƙarfe uku na yamma ya wuce wannan, sai amsa ta fito False. Ka ga an mayar da matashin gida alhali yana kan lokaci.

Gyaran mai sauƙi ne. Ka saka ranar da ke biye a matsayin iyaka, ka yi amfani da < a ƙarshe:

from datetime import datetime
lokaci = datetime(2022, 7, 31, 15, 0)
print(datetime(2021, 6, 28) <= lokaci < datetime(2022, 8, 1))

Kada kuma ka kwatanta ranaku a matsayin rubutu. Python yana bin rubutu harafi bayan harafi, don haka zai ce "05/07/2022" ya riga "28/06/2021", saboda 0 yana gaban 2.

Kafin ka saki kowace manhaja, gwada ranaku huɗu: jajibirin buɗewa, ranar buɗewa, yammacin ranar rufewa, da washegarinta. False, True, True, False ya kamata ka gani.