Darasi na Tara: Yadda Dakarun Jini Suke Amsa Kira

Ka taɓa taka ƙaya? Idan ka taɓa, to ka san abin da yake biyo baya. Wurin yakan kumbura, ya yi ja, ya yi zafi. Bayan kwana biyu ko uku, wataƙila ka ga mugunya. Duk wannan aikin fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda su ne dakarun da suke kare jiki daga cuta.

Ka lura da kalmar "ƙwaya". Muna cewa ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani. A wannan darasi, ma'anarta halitta ce 'yar mitsitsiya, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita.

Ga abin tambaya. Waɗannan dakaru suna cikin jini, jini kuwa gudu yake yi kamar kogi. Ba su da ido, ba su da kunne. To, yaya suke sanin cewa ƙaya ta shiga tafin ƙafarka?

Akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da suke zaune a ƙarƙashin fata. Da zarar ƙwayoyin cuta sun shigo, sai masu gadin su saki sinadarai, kamar yadda ake yin kururuwa idan ɓarawo ya shiga unguwa. Ɗaya shi ne histamin, mai buɗe ƙananan jijiyoyin jini. Shi ya sa wurin yake yin ja. Wasu kuma ana kiransu saitokin. Su ne suke sa bangon jijiya ya fito da wasu ƙananan ƙugiyoyi masu suna selektin.

Farar ƙwaya tana cikin wucewa sai ƙugiya ta kama ta, ta sake ta, wata ta sake kamawa. Haka za ta riƙa mirginawa a hankali, kamar ƙwallo a kan ciyawa. Daga nan wani saƙon ya iso gare ta, sai ta miƙe nata hannuwan, wato integirin, ta manne da bango gam. Sannan ta baje jikinta, ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon, ta bi sawun sinadarin har inda ya fi yawa. A can take haɗiye abokan gaba. Mugunyar da ka gani yawancinta gawarwakin waɗannan dakaru ne.

A shekarar 1882, a garin Messina na ƙasar Italiya, wani masani ɗan Rasha mai suna Iliya Mechnikov ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro. Washegari ya tarar ƙwayoyi sun kewaye ƙayar. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1908.

Kada ka ɗauki mannewar nan ƙaramin abu. Akwai jarirai, ko da yake ba su da yawa, da ake haifa da integirin mara aiki. Jininsu cike yake da dakaru, amma dakarun sai dai su wuce, ba sa iya tsayawa. Cibiyarsu takan daɗe ba ta faɗi ba, rauninsu ba ya yin mugunya, kuma ba ya saurin warkewa.

Aiki: Ka yi jimla ɗaya da kowace daga cikin waɗannan kalmomi: kumbura, mirgina, manne, kutsa. Sannan ka bayyana wa abokinka, da Hausa, dalilin da ya sa raunin irin waɗancan jarirai ba ya yin mugunya.