Labarin Tafiya a Aji: Ma'aurata Biyu da Teku

1.0 Gabatarwa

Labarin tafiya wani reshe ne na rubutun zube wanda ɗalibanmu suka saba da shi tun daga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam. A wannan darasi za mu ɗauko misali daga nesa, wato tafiyar wasu ma'aurata 'yan Ingila, Maurice Bailey da matarsa Maralyn, a cikin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Manufar ita ce ɗalibi malami ya ga yadda zai koyar da labarin da ya faru a duniyar da yaransa ba su taɓa gani ba, ya kuma gane inda nauyin labarin yake.

1.1 Shiri da Tashi

Maurice ma'aikacin maɗaba'a ne, Maralyn kuma ma'aikaciyar ofishin haraji a garin Derby, wanda ke tsakiyar Ingila, nesa da gaɓar teku. Sun yi aure a 1963. Daga baya suka sayar da gidansu, suka zuba kuɗin a jirgi mai tsawon ƙafa 31, suka raɗa masa suna Auralyn. Sun shafe shekaru suna gyara shi, suna kuma koyon tuƙi. Maralyn ba ta iya iyo ba. Haka kuma da gangan suka ƙi ɗaukar rediyon aika saƙo, abin da ni a ganina ganganci ne, ko da yake su suna kallonsa a matsayin dogaro da kai. A watan Yuni na 1972 suka tashi daga yankin Southampton da niyyar zuwa Niyuzilan.

Mai koyo ba ya faɗa wa teku kai tsaye. Zango-zango suka yi ta bi, daga gaɓar Sifen da Fotugal zuwa tsibirin Madeira, sannan tsibiran Kanari. Daga nan ne babbar jarrabawar take farawa.

1.2 Ƙetare Atilantika

Tsakanin Kanari da tsibiran Karibiyan akwai kimanin kilomita 5,000 na ruwa zalla. Jirgi irin nasu ba ya wuce kilomita 200 ko makamancin haka a yini da dare, don haka tafiyar kan ɗauki mako uku zuwa huɗu. Abin da ke tura shi shi ne filafili, wato babban ƙyalle mai ƙwari da ake ɗaurawa a jikin doguwar sanda domin ya tari iska. Matafiya kan jira ƙarshen Nuwamba kafin su tashi, domin daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a wannan teku. A nan malami yana da ƙofar shiga zukatan yara, domin iskar da ke kora jirgin ita ce mai busowa daga arewa maso gabas, wadda idan ta ratso Sahara ta iso gare mu muke kiranta iskar hunturu. Ƙurarta ma kan sauka a kan jiragen da ke kusa da tsibiran Kef Bad.

Wahalar mutum biyu a jirgi ita ce barci. Jirgi ba ya tsayawa da dare, kuma dole a sami mai sa ido saboda manyan jiragen dakon kaya da sauyin iska. Saboda haka ake yin karɓa-karɓa: miji ya yi gadi na awa uku ko huɗu, ya ta da matar, shi kuma ya kwanta. Wato ke nan kowannensu yana miƙa ransa ga ɗan'uwansa sau da yawa a kowane dare. Ga jiri da amai a kwanakin farko, ga girki a kan murhun da ke rangaji, ga ruwan sha da ake aunawa da kofi domin ruwan teku gishiri ne.

Sai kuma sanin hanya. A 1972 babu na'urar GPS, don haka Maurice, wanda shi ne jagaba, yana aiki ne da kamfas da taswira da agogo da na'urar auna tsayin rana daga layin da sama ta haɗu da ruwa. Awon tsakar rana yana nuna nisan jirgi arewa ko kudu. Agogo kuma yana nuna nisansa gabas ko yamma, domin duniya tana juya digiri ɗaya a kowane minti huɗu. Kuskuren minti ɗaya a agogo na iya karkatar da lissafi da fiye da kilomita 25. Maralyn kuwa ita ke riƙe da lissafin guzuri. Suka ƙetare lafiya, suka ratsa mashigin Panama a watan Fabrairu na 1973.

1.3 Kwana 117

Da asubahin 4 ga Maris 1973, a tekun Fasifik, suna kan hanyar tsibiran Galapagos, wata ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi, wadda ake kira wel a Turance, ta bangaje jirgin ta huda shi. Kafin ya nutse suka hura kwalekwalen roba guda biyu, suka kwashi abin da ya samu na ruwa da abincin gwangwani da kayan awo. Sun gwada tuƙa kwalekwalen zuwa tsibiran, igiyar ruwa ta fi ƙarfinsu.

Idan an karanta wannan sashe a aji, hankalin yara kan tafi ga dabbar nan kawai. Aikin malami shi ne ya dawo da su ga abin da ya biyo baya, domin duk abin da ma'auratan suka yi a kwalekwale sun koye shi ne tun a Atilantika: karɓa-karɓar gadi, auna ruwa, ƙidayar kwanaki. Da guzuri ya ƙare suka koma tarar ruwan sama. Maralyn ta lanƙwasa fil, irin wanda mata ke maƙale mayafi da shi, ya zama ƙugiya. Suka ci ɗanyen kifi da kunkurun ruwa da tsuntsaye. Jirage bakwai suka wuce ba tare da sun hango su ba. Maurice ya sha fid da rai, matar kuwa ta yanka takardu ta yi musu kati, ta sa shi suna tsara jirgin da za su mallaka nan gaba. Ranar 30 ga Yuni 1973 wani jirgin kamun kifi na Koriya ta Kudu, Weolmi 306, ya tsamo su bayan ruwa ya ja su kimanin kilomita 2,400, kowannensu ya rame da kusan kilo 18. Littafin da suka wallafa a 1974 ya ƙidaya kwana 117. Sun sake mallakar jirgi, Auralyn II, suka koma teku. Maralyn ta rasu a 2002, Maurice a 2018.

1.4 Aikin Yi

Tsara darasin auna fahimta na minti 40 ga ajin ƙaramar sakandare daga sashe na 1.2, ka nuna yadda za ka bayyana kalmomin filafili da zango da jagaba ga yaron da bai taɓa ganin teku ba. Sannan ka rubuta shafi ɗaya da bakin Maralyn a daren farko da gaɓa ta ɓace mata, ba tare da ka ambaci kalmar tsoro ba.